Gurasar da Inna Ta Ƙulle a Bakin Zane

Malamin asibiti na Ikara ya ce ba zai yiwu ba. Likitan Zariya, bayan ya gama ƙwanƙwasa mata ƙirji, ya maimaita haka da Turanci. Matan zumunta na majami'armu kuwa da hawaye suka faɗa: mahaifiyata ba za ta taɓa zama ta ci abinci har ta ƙoshi ba kafin ta bar duniya. Na haura shekara tamanin yanzu, sunayen ɗaliban da na koyar sun fara kuɓuce mini, amma wannan al'amari ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Inna ta rasa ƙannena biyu a shekarar da fara ta cinye gonaki, ina ɗan yaro. Tun daga lokacin abinci ya daina wuce mata wuya. Ƙanzon tukunya take jiƙawa ta sha, rabonta na tuwo kuma ta shanya shi a ɓoye ta tara cikin ƙwarya. In an yi magana ta ce, "Ku ci, na ci ɗazu." Amma baƙo bai isa ya bar gidanta da sauran loma a akushi ba.

Bayan samun 'yancin kai aka naɗa ni shugaban wata firamare kusa da Paki, na ɗauko ta ta zauna tare da mu. Rumbuna cike da dawa, ina da keke da rediyo, ga mahaifiyar Hedimasta tana ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na ɗauki lamarin da dukan ilimin da aka ɗura mini.

Likita ya ce ƙwai da madara. Na sayo ƙwai. Inna ta sa wa kaza, muka sami 'yan tsaki. Maƙwabciyarmu, wata Bafulatana mai kirki, ta riƙa kawo kindirmo kyauta. Inna ta kaɗa shi ta fitar da mai ta adana. Sai matan zumunta suka zo da tasu dabarar, wai in ta ga ana ci, sha'awa za ta motsa. Suka yi addu'a, suka yanka kaza, suka zauna a gabanta suka cinye. Da suka ga ba ta motsa ba, suka ƙara himma. Ba su fid da rai ba sai da akurkina ya zama kango.

Abu ɗaya ya rage da ke fito da ita daga ɗaki, shi ne sujada. To, wata Lahadi da aka yi Jibin Ubangiji, inda ake ba kowa gutsuren gurasa mai tsarki ya ci, matar wani dattijon ikilisiya da ta durƙusa kusa da ita ta ga Inna ta kai gurasar bakinta, sannan ta sauke hannu ta ƙulle ta a bakin zane. Kafin azahar labari ya kai ƙauyuka uku.

Dattawa suka zauna ƙarƙashin ɗorawa, aka kira ni. Babbansu ya ce ragowar tsafi ne, tana kai wa wani gunki. Na biyu ya tambaya ko gurasar da ta bushe tana nan da tsarkinta. Na uku ya ce a binne, na huɗu ya ce a ƙone, aka yi ta wannan muhawara har rana ta karkata. Ba wanda ya ce a kira tsohuwar a tambaye ta. Aka yanke hukunci: ba za ta ƙara matsowa teburin Ubangiji ba sai ta tuba. Na san in aka hana ta wannan, ɗaki za ta shiga, kuma gawarta za a fito da ita.

Fastonmu daga Zariya yake zuwa a kan babur, sai an daɗe ake ganinsa. Ya iso ranar Asabar, washegari za a yi godiyar girbi. Na tare shi da jawabi mai sassa uku da na shirya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Hedimasta, yunwa nake ji."

Inna da kanta ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ta durƙusa aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen gida. Fasto ya wanke hannu, ya yi addu'a. Sai ya zaro hankici, ya naɗe malmalar tuwon, ya cusa cikin jakarsa, ya miƙe.

"Fasto, tuwon nawa ne bai yi ba?" in ji Inna.

"Ya yi, Inna. Na ajiye wa gobe."

"Gobe? A gidana?" Ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba. "Na tuƙa da hannuna, na kawo maka da zafinsa, ka ƙulle shi kamar ka sato? Ai gara ka zage ni! Wanda aka ba abinci, godiyarsa ita ce ya ci ana kallo."

Fasto ya koma ya zauna. Ya ce, "Haka ne, Inna. To, Mai gidan da kike zuwa teburinsa ranar Lahadi fa? Shi ma kallo yake yi."

Inna ta sunkuyar da kai. Can ta ce, ba ta dube mu ba, "Yaran nan nawa biyu da yunwa suka tafi. Ina abinci zai bi ya wuce mini?"

"Inda suke ba a yunwa," in ji Fasto. "Ke kaɗai kika rage kina yi musu azumin da ba su roƙa ba." Ya kwance hankicin, ya cinye tuwon tas, ya nemi ƙari.

Washegari majami'a ta cika da dammunan dawa da kabewa da gyaɗa. Lokacin Jibi Inna ta tashi ta nufi gaba. Babban dattijo ya yi gyaran murya mai ƙarfi don tuna wa Fasto hukunci. Fasto ya sa aka miƙa wa dattijon ruwa. Ya ɗora gurasar a tafin Inna, ya tsaya bai wuce ba. Mawaƙa suka gama waƙa, suka sake ta daga farko, suka kuma sakewa. Ina ganin yatsunta suna neman bakin zane. Sai ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, har na baya suka ji, "Na gode." Ta sa a baki, ta tauna, ta haɗiye.

A wurin cin abinci bayan sujada ta zauna cikin mata, ta ci rabin malmala, ta ce wa matata, "Ƙaro mini miya." Na fita bayan majami'a, domin bai dace ɗalibai su ga Hedimasta yana kuka ba.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Wani lokaci hannun yakan koma ga tsohuwar al'ada, sai ta tsaya, ta yi godiya da baki tana ambaton dawar da kukar da gishirin, sannan ta ci. Ta yi shekaru masu yawa bayan haka, ta goya jikoki. Dattawa kuwa suka ba da sanarwa cewa horonsu ne ya yi aiki.

Abin da na koya shi ne, kyautar Allah ba ta zama taka ba sai ka karɓa ka gode ka ci, kuma mai ciwon da ba a gani tambaya yake bukata kafin hukunci. Ina umartar 'ya'yana da jikokina su rubuta wannan rana su kiyaye ta: Lahadin godiyar girbi, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ranar da Inna ta nemi ƙarin miya.