Saƙon Inna da Gurmin Kawu

Mun tashi daga Dammam washegarin Ƙaramar Sallah, ana idar da sallar asuba, tun kafin rana ta fara nuna halinta. Mu uku ne a motar. Ƙanin matata ne ke tuƙi, abokina injiniya da ke aiki a Jubail ya kame gaba, ni kuma na baje a baya da ledar kilishin da aka kawo mana daga gida. Su biyun yawon Sallah ne ya ɗauke su zuwa Riyad. Ni saƙo ne a bakina.

Bari in faɗa muku saƙon tun yanzu, don ku gane inda na yi wauta. Ina da kawu a Riyad, ƙanin mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, yana gadin wani sito a unguwar Sulay. Gidan su Inna gidan makaɗa ne a ƙasar Gumel, kuma Kawu ne ya gaji gurmin mahaifinsu. Lokacin da aka zo neman auren yayata, dangin mijin suka yi bincike, suka fara ƙus-ƙus wai jinin maroƙa ce. Inna ta yi takakkiya ta same shi, ta ce ya rufa wa 'ya'yanta asiri ya ajiye kiɗa. Bai yi mata musu ba. Ya ajiye, daga baya ya samu hanya ya taho Saudiyya, kuma ba su sake tayar da zancen ba. To a cikin azumin bana, Inna da tsufa ya kwantar da ita ta kira ni, ta ce idan na je gaishe shi in roƙe shi ya kaɗa mata taken babansu, wanda yake yi wa manoma ranar gayya, in ɗauko mata a waya. Na ce me zai hana ta gaya masa da kanta. Ta ce, "Da bakin da na hana shi?"

Hanyar Riyad shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami, ba gargada, ba mai tare ka ya ce a ba shi na goro. Aibinta ɗaya, kyamarori. Ka ɗan taka mota, kafin ka isa inda za ka, saƙon tara ya riga ya shigo wayarka. Direbanmu da ya taɓa ɗanɗanawa ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har manyan motoci suna yi mana fitila. Mun wuce jan yashin nan da ba ya ƙarewa, da raƙuma suna kiwo a bayan waya ba makiyayi a kusa. A wani gidan mai muka karya da wake da burodin tamis mai zafi, da shayi mai madara riyal biyu kofi, wanda ya fi na wasu manyan otal daɗi. A shingen jami'an tsaro aka duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, aka ce mana Sallah mai albarka, muka wuce.

Bayan nan ne abokina ya haɗa wayarsa da motar. Shi a Amurka ya yi karatu, kuma abin da ya dawo da shi bayan digiri shi ne son wani kiɗa da ake kira blues. Wani tsoho ne shi kaɗai da jita, yana buga ƙafa a ƙasa, muryarsa a dishe. Ya faɗi magana, ya maimaita ta, sai jitar ta ba shi amsa. Na ce, "Wannan bawan Allah yunwa yake ji ko korarsa aka yi daga aiki?" Abokina ya ce duka biyun, har da matarsa ta gudu. Ya ce kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin waɗanda aka kwasa daga yankinmu, da shi suke rage zafin aikin gonar auduga.

Na ci gaba da tsokana har aka zo wani wuri da tsohon ya yi shiru ya bar jitar ita kaɗai. Babban yatsa ya riƙe tsirkiya ɗaya yana bugawa ba canji, ɗan yatsa kuma yana yawo a kan ɗayar yana kuka. Sai tsigar jikina ta tashi. Haka Kawu yake yi a gindin tsamiyar ƙofar gidansu ina yaro, in ya gaji da waƙa ya bar gurmin ya yi magana. Na ce a maimaita, aka maimaita, na ce a ƙara. Har muka hango dogayen gine-ginen Riyad ba a sa wani abu ba.

A nan na ƙulla dabarar da nake ganin ta masu hankali ce. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba sai na dubi tsabar idon Kawu na ce ya yi kiɗa ba. Zan kunna masa wannan, shi da kansa zai tuna baya ya ɗauko zancen, ni kuma sai in sako saƙon Inna a kai.

Sulay ba Riyad ɗin da ake nunawa a hoto ba ce. Sito ne bayan sito, da garejoji, da tireloli a jere suna hutun Sallah, sai gidajen ma'aikata da suke kira sakan. Mun samu Kawu a ƙofar nasu yana jiranmu cikin farar jallabiya. Ya tsufa, gemu ya yi fari tas. Abin da ban yi tsammani ba, ashe shi ke jan su sallah a ɗan masallacinsu, 'yan Bangaladash da 'yan Sudan duk Shehi suke ce masa. Tun daga nan harshena ya fara nauyi. Ta yaya zan ce wa liman ya ɗauko gurmi?

Ya sauke mu da shinkafa kabsa da kaza a babban faranti, ya yi ta tura mana nama yana cewa, "Ci mana, ɗan Yaya, asibitin da kake aiki ba sa ba ku abinci ne?" Ɗakinsu su biyu ne da wani mutumin Tawa, direban tirela, mai fara'a da yawan surutu. Da aka kawo shayi na ce wa abokina ya kunna. Kawu ya sunkuyar da kai yana sauraro. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, babban yatsa yana bugawa ba canji. Da aka gama ya ce, "Wannan ya sha wahala. Kuma hannunsa na ƙwarai ne." Ni kuwa na shiga zuba yabo. Na ce ban taɓa jin kiɗa mai ratsa jiki irin wannan ba, na ce Turawa har a jami'a suke karanta shi, na ce mutanen can sun san darajar makaɗansu. Duk ina yi ina satar kallonsa, ina jira ya ce wani abu. Shi ma ya dube ni kamar mai jira. Aka kira azahar, muka tashi.

Washegari muka ɗauke shi zuwa Dir'iyya, tsohon garin da ke bakin kwari a gefen Riyad. Ginin ƙasa ne da azara, an gyara shi tsaf, an zuba fitilu, jama'a maƙil kowa yana hoto, ga gine-gine sababbi suna ta tashi a kewaye. Kawu ya shafa bangon da tafin hannu ya ce, "Irin wanda muka rushe muka sa bulo, shi ne nan ake layi a gani." Kofin gahawa a wurin kuɗinsa ya isa mutum ya ci abincin yini a Sulay, don haka muka haɗiye yawu muka nufi unguwar Ud, kusa da Batha, inda wata baiwar Allah 'yar Zariya ke tuƙa tuwo a cikin gida. Miyar kuka ce da man shanu, mun ci har direbanmu ya nemi a bar shi ya kwanta. A hanyar komawa ni da Kawu ne a baya, kafaɗa da kafaɗa, jitar tsohon tana tashi a hankali. Sau nawa na buɗe baki, sai in ji na tambaye shi lafiyar ƙafarsa.

Ranar da za mu juyo, bayan la'asar, mazauna sakan ɗin suka shimfiɗa darduma a inuwar sito don yi mana sallama. Labarin kiɗan abokina ya zaga, aka ce a sa kowa ya ji. Daga nan abin ya zama kowa ya kawo na garinsu. Wani ɗan Sudan ya sa nasu na molo mai tsirkiya biyar, mutanensa suna kaɗa kafaɗa. Ɗan Bangaladash ya sa wani na masu jirgin ruwa, ya yi ta fassara mana da guntun Larabci har idonsa ya kawo ruwa. Mutumin Tawa ya sa jitar Buzaye, abokina ya yi tsalle ya ce wallahi wannan da na Amurka uwarsu ɗaya. Aka yi ta tura wa juna a waya. Ban taɓa ganin maza masu gemu, kowa da kewar gida a cikinsa, sun saki jiki haka ba, kuma na ji daɗin zaman ƙwarai.

Sai mutumin Tawa ya juya ga Kawu yana murmushi ya ce, "To Alhaji, saura ku. Yalla, bismilla, ga ɗanka ya zo." Kawu ya gyara zama, ya dube ni. Ni kuma na ga kamar an tsare dattijo a gaban masu binsa sallah, na ce bari in fitar da shi kunya. Na yi caraf na ce, "A'a, ku bar Alhaji. Ya bar waɗannan abubuwan tuntuni, mu ma a gida ba ma tayar da zancen." Na lalubo wata waƙar zamani a wayata na sa musu a madadin Najeriya. Mutumin Tawa ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya zauna har waƙar ta ƙare, sannan ya ce bari ya sabunta alwala.

Da za mu shiga mota ya ba ni dabino da turare in aika wa Inna, ya sa mana albarka, ya ce a gaida yara. Hanyar dawowa ba abin da na gani a cikinta. Abokina ya so ya kunna kiɗan, na ce kaina na ciwo. Ina ta lallashin kaina cewa ba komai, Babbar Sallah na nan tafe, zan koma.

Da safe na kira Kawu in gaya masa mun sauka lafiya. Da yake ba ido a waya, sai bakina ya buɗe, na zayyana masa saƙon Inna daga farko har ƙarshe. Sai ya tambaye ni:

"Yaya ce ta ce haka?"

"Ita ce, Kawu."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce tun da na sanar da shi zan zo ya haɗa gurmi. Ƙoƙon gurmin, wani alhaji ya sa ya taho masa da shi daga gida, fatar ya jeme da kansa, tsirkiyar kuma zaren kamun kifi ne ya sayo a Batha. Ya ce ya ga tsufa ya zo, yana so ko mutum ɗaya a zuriyar gidan ya ji taken mahaifinsu daga hannunsa. Gurmin yana ƙarƙashin gadon da na zauna a kai na sha shayi. Ya ce, "Na ji kana ta yabon na wasu, na ce yanzu zai tambayi namu. Da ka yi maganar nan a gaban mutane sai na ce to, har yanzu abin kunya ne a wurinsu. Kuna tafiya na ba abokin zamana shi, ya wuce da shi Jidda da lodi, kuma na rantse ba zan ƙara taɓawa ba."

Na ce akwai kaffara, na ce zan sayo wani, na ce ko da baki ne ya yi mata. Ya ce, "Ɗan Yaya, sau biyu ke nan ana ajiye ni. Ka bar ni haka." Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini ciwo. Na yi tafiya mai nisa na gano kiɗan wasu mutane a bayan teku, na yaba shi, na raba wa jama'a, alhali na gidanmu yana ƙarƙashina ban tambaya ba. Kunyar da nake taƙama da ita a matsayin tarbiyya, ita ce Kawu ya karanta a matsayin ƙyama, kuma ban ga laifinsa ba. Idan babba ya aike ka, ka faɗi saƙon yadda aka ba ka tun kana zaune, dabara ba taka ba ce.

Sai da na yi jan ƙafa kafin na kira Inna. Ban ɓoye mata komai ba. Ba ta yi faɗa ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Can sai na ji ta fara bin taken da bakinta, a hankali. Ta yi nisa kaɗan, ta tsaya. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa.

Ta ce, "Ka ji, daga nan ne ya ɓace mini. Shi kaɗai ya san sauran."