Ganyen da na rataya a koshar yayata

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata a unguwar Hindawiyya ta Jidda sun shafe mini, amma ranar da na kusa zubar wa yayata mutunci a gaban dangin mijinta da ganye dami biyu, ita kam ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina makarantar 'yan mata, ban fi shekara goma sha biyar ba. Ba ni da yawan magana. In baƙi suka zo, ɗaki nake shigewa da littafina. Amma a gida an san ni da tsanaki, shi ya sa da aka sa bikin yayata mahaifiyarmu ta ce ni zan ƙawata kosha, wato rumfar da amarya ke zama mata su zo su gan ta. Wani kafinta maƙwabcinmu ya haɗa ta da katako a tsakar gida. Abu ɗaya yayata ta roƙe ni: ɗanyen ganye ya sauko ta kowane gefe, kamar yadda ta gani a bikin wasu masu hali.

Wanda bai zauna Jidda a waɗancan shekarun ba, ba zai gane nauyin wannan roƙo ba. Ruwan sha ma saye muke a wurin masu garwa, balle na ban-ruwan shuka. Ganyen ado daga Ɗa'ifa ake kawo shi, kuma da muka ji kuɗinsa a kasuwa ko tayi ba mu yi ba. Na roba kuwa, yayata ta ce ko kyauta ba ta so.

Sai aka yi sa'a an yi ruwa a sanyin shekarar. Kawuna, wanda ke tuƙa motar yashi, ya ce kwarin da ke bayan unguwar Bani Malik ya yi kore. Ni ban iya roƙonsa ba, mahaifiyarmu ce ta yi masa magana, ya kai ni ranar wata Juma'a da safe. Na yanko ganyaye masu yaɗo iri uku. Kawun ma haihuwar Jidda ne, da na nuna masa ya ce ganye ai ganye ne, yalla mu tafi. Na rataye su a kan soro, ina hawa ina dubawa, ina rubuta wanda ya fara yaushi a bayan littafin lissafina. Biyu ba su kai azahar ba. Na uku, mai ganye toka-toka da laushin gashi a jikinsa, ya kwana ya wuni yana nan tsaye. In an yanke shi yana fitar da farin ruwa kamar nono, hannuna kuma ya riƙa ƙaiƙayi. Na duba littafin kimiyya ban same shi ba, sai na ce tunda babu shi a cikin masu guba, lafiya lau ne.

Akwai wadda ya kamata in tambaya. Kakarmu tana zaune a unguwar Sa'alaba, ita ce ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ta ratsa Sudan, kuma babu ciyawar da ba ta san sunanta ba. Amma tana yawan tsokanata da "malama mai takarda", ni kuwa ba na son a yi mini dariya. Don haka na yi shiru, ana gobe biki muka koma muka yanko dami biyu.

Ranar bikin tun safe nake ɗaurawa, reshe bayan reshe, har azahar. Koshar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yayata ta leƙo da lalle a hannu ta ce na fitar da ita kunya. Ana cikin haka aka kawo Kaka. Idonta ya yi rauni, sai ta matsa ta shafa ganyen, ta karya ɗan reshe ta kai hanci. Na ga fuskarta ta canza.

"Wa ya shigo da wannan gidan nan?"

Na ce ni ce.

"Fatakka ce. Da ita majema ke tuge gashin fata. Kin san su wa za su shigo nan bayan la'asar?"

Mahaifiyarmu ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ni sai a lokacin na ji labarin. Dangin angon Hausawan Sudan ne, asalinsu majema. Yanzu shagon takalma gare su, kuma babu abin da ke ɓata musu rai kamar a yi musu gorin warin jima. Kaka ta ce ko makahonsu ya san fatakka. Za su ce da gangan muka rataya, kuma yayata ce za ta zauna da wannan magana a gidansu har ta tsufa, in ma sun yarda sun ɗauke ta.

Muka hau tsigewa, muka cusa a buhu, kawu ya fita da shi. Kosha ta koma katako tsirara, saura kamar awa biyu. Yayata ta juya ta koma ɗaki. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kaka ce ta tuna da wata tsohuwa a bayan layinmu, wadda soso ya rufe mata danga saboda tana juye masa ruwan wanka. Mace ce mai zafi, kuma soson take sayarwa ta ci abinci. Na ɗauka mahaifiyarmu za ta je, amma Kaka ta ce, "Ke kika rataya, ke za ki roƙo."

Na tsaya a ƙofar matar har sau biyu ina juyawa kafin in yi sallama. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Sai ta miƙo mini wuƙa ta ce in bar mata gindin da manyan 'ya'yan.

Na san soso ba ya jure yanka, don haka na tattara kwalaben magani, na cika su da ruwa, na tsoma gindin kowane reshe a ciki, na ɗaure su a bayan katako na rufe da farin yadi. Ina ɗaure na ƙarshe ana kiran la'asar.

Matan suka shigo da guɗa. Gwaggon ango ce a gaba, wata doguwar tsohuwa. Ta yaba furen soson, aka zauna, aka ce in kawo shayi. Ina miƙa mata kofi ta kama wuyan hannuna. Ya yi ja, ya kumbura, ruwan ganyen ya bushe a ƙarƙashin faratana. Ta juya shi, ta sunsuna.

"Ya binti, 'yata, wannan hannun ya taɓa fatakka."

Mahaifiyarmu ta buɗe baki za ta yi magana, Kaka ta taɓa gwiwarta. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce ni na yanko, ban san ta ba, kuma ban tambayi kowa ba. Gwaggon ta tambayi inda fatakkar take, na ce mun fitar tun azahar.

Ta dubi koshar. "Da ita ubana ya ciyar da mu," ta ce. "Da na tarar da ita a kan amarya, da na juya da mutanena, kuma babu mai dawo da ni." Sannan ta ce a kawo man shanu. Ita da kanta ta shafa mini, yatsa bayan yatsa, tana faɗa mini kada in kuskura in taɓa idona sai na wanke da sabulu. Da ta gama ta ce halas, shi ke nan, a fito da amarya.

Yayata ta zauna a ƙarƙashin soson, kuma ta yi zamanta a gidan mijinta lafiya, ba a taɓa tayar mata da maganar ba. Ni kuwa daga ranar na gane cewa duk tsanakin mutum, in ya rufe bakinsa don gudun a yi masa dariya, wani ne zai kwana a ciki. Har yau ba ni da yawan magana, amma abin da ban sani ba, nakan nemi wanda ya girme ni in tambaya, ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya faɗa mini.