Yadda muka kai zuciya Jiratawa a bayan fijo

Tafiyar makon jiya ta ba ni wuya. Ni da nake kai fasinja har bakin iyaka in dawo ban ce uffan ba, sai ga Tsibiri da Jiratawa, nan bayan gida, sun karya mini baya.

Ɗiyata ta fari tana wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, ta koyon aikin jinya a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Yajin aikin malamai ya riga ya cinye mata shekara guda, kuma ta faɗi jarrabawar darasin zuciya sau ɗaya. In ta sake faɗuwa za a sallame ta. Ta ce mini, "Baba, zanen allo ba ya motsi, ni ban gane ina jinin ke bi ba." Mushensu, wato malaminsu, ya samo wani faifai mai nuna zuciya tana aiki, amma sai an zuba shi cikin kwamfutar lakwal tukuna, kuma zubin yana son wuta mai zama. Kuran ɗin Maraɗi kuwa, wato wutar lantarki, yanzu leƙowa yake ya koma. Alhazan da ke da gurub, injin ba da wuta, duk sun ba 'yan kamfen aro ana ta kiɗan jam'iyya. Mushe ya ce kawunsa na da injin niƙa da gurub a Tsibiri. Na ce ga motata fijo.

Mun tashi da asuba daga Sabon Gari, ni da mushe da kwamfutar. Na naɗe ta da bargo a kujerar baya kamar mai jego. Mai ya yi tsada, har ƙosan bakin tasha ya ƙanƙance, ka jefa biyu a baki ba ka san ka ci ba. Hanya kuwa duk tutocin jam'iyyu, kowace bishiya da tata. Wani jandarma ya leƙo, ya ga abu cikin bargo, ya ce, "Direba, akwatin zaɓe ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zuciya ce." Ya dube ni, ya dubi mushe, ya ce mu wuce Allah ya ba da lafiya.

A Tsibiri kawun ya tarbe mu da fura mai sanyi. Aka jona kwamfuta a lungun shagon niƙa, mushe ya sa faifai, wani layi shuɗi ya fara tafiya a kan gilashin. Ya ce in layin ya kai ƙarshe an gama. Ni kuwa zuciyata sai tsalle take kamar ni zan zauna jarrabawar.

Abin da ba mu lissafa ba, gurub ɗin ɗaya ne da na injin. Layi ya wuce rabi sai ga mata da ƙoran gero. Mai niƙa ya tada inji, wuta ta ja baya, gilashi ya yi baƙi. Mushe ya dafe kai. Muka sake daga farko, aka sake kawo gero, ya sake mutuwa. Na je wurin wata tsohuwa da ke gaban layi na ce, "Inna, ku yi mana haƙuri kaɗan, karatun yara ne." Ta ce, "Ɗan nan, talbijin ɗinka za ta tuƙa mini tuwo?" Gaskiyarta ce. Kawun ma ya ce ba zai iya korar matan gari saboda mu ba, gobe su zai gani, ba mu ba.

Nan mushe ya tuna da wani abokin karatunsa a ofishin manoman rani na Jiratawa, inda gurub ke aiki wuni guda saboda famfunan ban-ruwa. Muka naɗe bargo, muka ratso Maraɗi da rana tsaka, fijo na tari. Daga ka sauka wajen fadama sai ido ya huta: albasa, tumatir, zogale kore shar, ruwa na gudu cikin lambatu. Na ci kwaɗon zogale da ƙuli wanda ban taɓa cin irinsa ba, na ƙara kwano.

A ofishin aka jona kwamfuta, layin ya tafi bai tsaya ba. Ban ko je alwala ba sai da na ga ya kai bango. Mushe ya danna, sai ga ta. Zuciya, ja wur, tana matsewa tana saki, da ƙararta kamar ana daka a gida mai nisa. Jini shuɗi na shiga ta nan ya tafi huhu, ya dawo ja ya fita ta can, wasu 'yan ƙofofi na buɗewa suna rufewa. Na dafa ƙirjina, tafiyarsu ɗaya. Manoma suka cika taga. Mushe ya nuna musu famfon waje ya ce haka take, ita ce famfo, jijiyoyi su ne lambatu. Ya matse jijiya ɗaya a gilashin, zuciyar ta shiga wahala, ya ce wannan shi ne tansiyo, hawan jini ke nan. Wani dattijo ya ce, "Mushe, sake mata, ta gaji." Aka yi dariya, amma kowa hannunsa na kan ƙirji.

Mun shigo gida bayan la'asar, bayana kamar an daka. Abin da na koyo shi ne in za ka yi aikin wuta, fara tambaya wa kuke rabon ta da shi. Na kuma gane ɗiyata ba daƙiƙiya ba ce. Ni da ban wuce aji uku ba na gane abin da ya motsa.

Washegari ban je tasha ba. Na kai kwamfutar lakwal da kaina, muka yi sa'a kuran ya leƙo, na tsaya bakin taga. Mushe ya kunna, ya ce wa zai bi jinin da yatsa daga shiga har fita. Ɗiyata ta miƙe. Ta bi shi ɗaki ɗaki ba ta ɓata ba, ta juyo ta ganni, ta ce, "Baba, shigo in ji bugun hannunka." Na cire takalmi na shiga.