Malama Tasiya da Ranar da Ta Watsa Mana Taro

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa. Duk wanda ya yi aiki a ƙaramar sakandaren nan da ke tsakanin Gwarzo da Lakwaya ya san ƙarar babur ɗinta, wani ɗan roba-roba da ya tsufa har ba a gane asalin fentinsa. Takan jingine shi a gindin darbejiya, ta tsaya ta gaisa da Baba Hammadu maigadi, ta tambaye shi ƙafa, ta tambaye shi mutanen gida, sannan ta bi azuzuwa tana buɗe tagogi. Ba aikinta ba ne. Malamar kimiyya ce, ba mai shara ba. Amma takan ce ajin da ya kwana a rufe cikin bazara, aka wayi gari aka zuba masa yara saba'in, wannan tanderu ne ba aji ba. Daga nan sai ta leƙa randunan da ta sa aka jera a baranda, ta tabbatar an wanke su an cika, kowace da murfinta da moɗarta.

Sunanta Anastasia, 'yar wani ƙauye ce a wajen Zonkwa, amma bakin yara ya mai da ita Malama Tasiya, har iyayensu ma haka suka san ta. Shekara ashirin da biyu ta yi a makarantar. Ni kuma, Abdulnasir, na shugabanci makarantar shekara shida, kuma a cikin shidan nan ne na yi mata abin da ya sa nake wannan rubutu. A bazarar bana ta ajiye aiki.

Wanda bai zauna ɗakin malamanmu a watan Maris ba bai san zafi ba. Fanka ɗaya ce, ita ma ado ce. Da sha ɗaya ta yi sai kowa ya ja bencinsa zuwa gindin mangwaro, a buɗe gardamar ƙwallo da ta taki da ta ranar da ruwan farko zai sauka. Malam Tasi'u mai kula da wasanni shi ne sarkin gardama, ba a taɓa kayar da shi ba ko da ya san ƙarya yake. Malama tana gefe da jan bironta da tarin littattafan yara, ba ta cika sa baki ba, sai in gardama ta yi tsami ta ɗago ta ce, "To ku sha zoɓo tukuna." Kullum da jarkar zoɓonta mai citta, cittar da takan yo mana tsaraba in ta dawo daga Kirsimeti. In matar malami ta haihu, ita ke riƙe masa darussansa har a yi suna. Ba na jin ta taɓa tunasar da wani cewa ta yi masa haka.

Ranar Laraba da yamma ce ta ƙungiyoyin ɗalibai, kuma kusan duk wadda ta rayu a makarantar ita ta raya ta. Ita ta ja ruwan da ke malala daga fanfon tuƙa-tuƙa zuwa bayan ajin 'yan uku, ta yi lambu da yara, har ana cin alayyafo da yakuwa a lokacin da gonakin gari suke fetal. Ita ke horar da 'yan kacici-kacici, har sau biyu suka je Kabo suka dawo da kofi. Ita ta kafa ƙungiyar 'yan agaji, ta koya musu ɗaure rauni da haɗa ruwan gishiri da sukari. Malama Zubaidatu mai koyar da Hausa ta taɓa ba ni labarin yadda ta same ta tana koya wa wata yarinya mai in'ina karanta jawabin muhawara, jimla guda sau ashirin, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Sai bazarar shekara tara da suka wuce, ranar gasar wasanni ta gidaje huɗu na makarantar. Wata biyu muka yi muna shiri. An zana fili da toka, an kafa rumfuna, an gayyato manya daga ofishin ilimi da wakilin hakimi da makarantu biyu daga Kabo don tseren miƙa sanda. Shekarata ta biyu ke nan a kujerar, kuma ban ɓoye wa kaina ba, so nake a gan ni.

Wajen ƙarfe tara da rabi, baƙi sun fara zama, ta zo ta tsaya a bayan kujerata.

"Yallaɓai, minti ɗaya."

Na bi ta ina duba agogo. A baranda na tarar da Murja, 'yar aji biyu, wadda za ta riƙe tutar gidan shuɗi a fareti, tana kwance a kan benci ta rufe ido da hijabinta.

"Jikinta kamar wuta," in ji Malama. "Ta yi amai sau biyu. Na ce ta sa haɓarta a ƙirji, ta kasa. Haske ma ba ta so. Kuma yara biyu daga ƙauyen Jama'a ba su zo ba tun shekaranjiya, 'yan ajinsu sun ce ciwon kai ne. Yallaɓai, ina tsoron sanƙarau ne."

Na ce, "Malama, zafin rana ne. Jiya sun yi atisaye har la'asar."

"Allah Ya sa haka ne. Amma a ba ni mota in kai ta asibiti yanzu, a kuma rage cunkoson yaran nan a rumfa. Sun fi ɗari huɗu, numfashin juna suke shaƙa."

Motata ce kaɗai a hannunmu, kuma na riga na aike ta ɗauko babban baƙo. Na ce ta ba yarinyar maganin zazzaɓi, ta jiƙa mata tsumma, da an gama fareti da jawabai za a kai ta. Na ƙara da cewa kada ta kuskura ta furta kalmar nan a gaban jama'a.

Ta dube ni, ta ce, "To, Yallaɓai."

Ta jira. Wannan ne abin da mutane ba su sani ba. Labarin da ya bazu a gari shi ne Malama Tasiya ta yi wuf ta ƙwace lasifika. Ba haka aka yi ba. Ta bi umarnina awa biyu cur, ta turo mini Malama Zubaidatu sau biyu, na kore ta da hannu. Sai da wani yaro ɗan aji ɗaya ya faɗi a layin fareti, ta taɓa wuyansa ta ji ya sandare, sannan ta taka zuwa teburin sanarwa. Malam Tasi'u ke riƙe da makirfo, ya ce da ya ga fuskarta bai san lokacin da ya miƙa mata ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta yi sallama, ta nemi afuwar manyan baƙi, ta ce akwai yara biyu da ake zargin sun kamu da sanƙarau, don haka duk yaron da ke jin ciwon kai ko taurin wuya ya zo baranda yanzu, sauran kuma su fito daga rumfa su bazu a inuwar bishiyoyi, kada kowa ya tafi gida sai malaminsa ya duba shi. Kafin ta ajiye makirfon iyaye mata sun fara shiga fili suna neman 'ya'yansu. Malaman Kabo suka tattara nasu suka zuba a mota. Babban baƙo, wanda bai fi minti goma da zama ba, ya tashi ya yi mini wani kallo da har yau ban manta ba.

A-kori-kurar da ta kawo kujeru Malama ta tare. Direban, Salisu, ya ce ita ta sauke kujerun da suka rage da hannunta, ta shimfiɗa zanenta na sama, ta ɗora yaran, ta zauna a baya ta tallafe kan Murja har Gwarzo.

Ni kuwa ofis na shiga. Kafin azahar na rubuta mata takardar tuhuma: rashin biyayya, tayar da hankalin jama'a, zubar da mutuncin makaranta. Na sa kwafi a fayil ɗinta, na aika kwafi sama.

Kwana biyu bayan haka aka tabbatar. Yara huɗu ne, har da biyun nan na Jama'a da ta tura aka ɗauko daga gidajensu. Ma'aikatan lafiya suka zo suka yi wa makaranta da ƙauyukan kewaye rigakafi. Ba mu rasa ko ɗaya ba. Amma Murja ta tashi kunnenta na hagu ba ya ji, kuma bai sake ji ba. Ban taɓa tambayar likita ko awa biyun nan ne suka ci kunnen ba. Tsoron amsar nake ji.

Amsar da Malama ta ba takardata layi biyu ce. Ta rubuta cewa gaskiya ne ta saɓa umarni, kuma tana neman afuwa a kan kunyar da ta jawo mini. Da na zo rubuta rahoton abin da ya faru sai na ce "hukumar makaranta ta ɗauki matakin gaggawa." Aka aiko mini da takardar yabo. Na karɓa. Kullum sai in ce gobe zan rubuta a janye tuhumar, amma janyewar na nufin in faɗi abin da na yi da safiyar nan, sai goben ta yi ta ja da baya. Bayan shekara huɗu aka ɗaga ni aka mai da ni Kabo. A shekarar aka nemi mataimakin shugaba a makarantar, duk malamai suka ce Malama Tasiya. Aka buɗe fayil, aka ga takardata, aka ba wani. A matakin da take ta ƙare aikinta.

Ke ce, Malama, kika matsar da Murja zuwa bencin gaba ta gefen taga don kunnenta mai ji ya fuskanci allo. Ke ce kika bi malamai ɗaya bayan ɗaya kina roƙon su daina magana suna juya baya. Ke ce kika je gidansu sau uku lokacin da ta ce ba za ta koma ba don yara na kiranta kurma. Uwar marasa lafiya, rumfa sha shirgi. Kin yi duk wannan kina gaishe ni kowace safiya da ladabin da ban cancanta ba.

An yi mata liyafar sallama a gindin mangwaron nan a watan jiya. An gayyace ni, na zauna a sahun gaba, aka ba ni makirfo na yi jawabin da ake yi wa kowa: haƙuri, jajircewa, riƙon amana. Murja ta zo cikin fararen kayanta, yanzu ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a wajen Lakwaya. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana ɗan karkato da kunnenta na dama don ta ji amsata. Na kasa cin abincin.

Washegari da hantsi na je gidan Malama. Na tarar da ita da ɗanta Sammy suna ɗaure kaya, za ta koma gida Zonkwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta tambayi Hajiya da yara kowa da sunansa. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Na ce takardata ce ta hana ta kujerar, na ce rahotona ya ɓoye sunanta, na ce na sani tun lokacin.

Ta ɗauki wata igiya tana naɗewa a hannu.

"Na sani, Yallaɓai. Magatakardan makaranta ya faɗa mini tun shekarar."

"Ba ki taɓa yi mini magana ba."

"In ce me? Kujera ba ta dame ni ba sosai. Da farko ta dame ni, kada in yi maka ƙarya. Na yi kuka a ɗakin nan. Amma ya wuce." Ta ajiye igiyar. "Abin da bai wuce ba, nawa ne ba naka ba. Na san abin da na gani a wuyan yarinyar nan tun tara da rabi. Da kai ka ce a'a, ai akwai babur ɗina. Sai na tsaya ina jin nauyinka."

Na zo neman gafara a kan laifina, sai na tarar shekara tara ke nan tana ɗauke da rabinsa, ta ɗauka nata ne. Na ce mata ba nata ba ne, umarni na ba ta, ni ne shugaba. Ta ce ta ji. Ban ga alamar ta yarda ba. Ta ce ta yafe mini, ta sa Sammy ya raka ni bakin hanya.

Na rubuta wa ofis ina neman a cire takardar. Aka amsa mini da ladabi cewa fayil ɗin wanda ya yi ritaya an rufe shi. Shi ya sa na kawo maganar nan gaban jama'a, inda ba a rufe fayil. Ku sani, mutanen Gwarzo da Kabo, ba hukumar makaranta ce ta ceci 'ya'yanku ranar nan ba. Mace ɗaya ce, kuma shugabanta hana ta ya yi.

Malama, mun gode. Na gode a madadin yara huɗun nan da iyayensu, da ɗaruruwan da aka fitar daga rumfa ba su ma san me aka tsare musu ba. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai cikin lafiya, Ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa na wasu.

Ku kuma matasan malamai, ku yi koyi da ita: ku san yaranku har ku gane wanda ya canza tun kafin ya buɗe baki. 'Yan'uwana masu riƙe da kujeru, ku yi koyi da kuskurena. In na ƙasa da ku ya zo ya tsaya a bayanku ya ce minti ɗaya, ku ba shi. In kuma kun riga kun zalunci wani, kuna da goben da kuke ta ɗagawa, ku tashi ku je yau, tun bai fara ɗaure kaya ba.