Kunyar 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana nemana sai ta ce "ke", ko ta aiki ƙanina ya kira mata "waccan". Haka aka koya mata a ƙauyensu, ta taho da abinta har Agege ta Ikko lokacin da Baba ya samu wurin sayar da albasa a kasuwar Mile 12.

Da a ƙauyen na tashi, wataƙila da ban damu ba. Amma gidan haya muke, ɗakuna na kallon juna, rabin mutanen gidan Yarbawa ne. Su kuwa da sunan ɗan fari ake kiran uwa, tana amsawa tana taƙama. Wata rana 'yar maƙwabciyarmu ta tambaye ni da Yarbanci ko Inna ce ta haife ni da gaske. Na kai mata duka, na koma bayan tankin ruwa na yi kukana. Tun ranar na ƙudurta a raina cewa in Allah ya ba ni haihuwa, ba zan yi wa ɗana wannan kunya ba.

Da na haifi 'yata ta fari, gida na dawo wanka. Gwaggo, yayar Baba, ta taho daga Kano da kayan yajinta da dokokinta. Tun kafin suna ta zaunar da ni: ba a ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba a yi masa wasa, in ya yi kuka sai a kawar da kai har wata ta miƙo shi. Ta ce ɗa na dangi ne, uwa ta ja baya don kowa ya samu hannu a kansa. Ban musa mata ba, domin na san akwai gaskiya a ciki. Kakata ce ta goya ni, kuma ban rasa gata ba. Amma na san abin da na rasa.

Ranar suna mata sun cika tsakar gida, jaririya na hannun Gwaggo ta fara kuka. Na miƙe, na ratsa su, na karɓe ta. Na kira sunanta da ƙarfi, na sumbaci goshinta.

"La ilaha illallahu!" in ji Gwaggo. "Ke 'yar nan, Ikko ta cinye miki kunya?"

"Gwaggo, tawa ce fa, abi?" na ce. "Ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka riƙe haɓa. Ni dai Inna nake tsoro, don ita za a ce ba ta yi tarbiyya ba. Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da zuba wa baƙi tuwo.

Washegari Inna tana yi min wankan jego, ruwa na tururi. Na ce a raina ko faɗa za ta yi, ba zan janye ba. Sai jaririyar ta motsa a ɗaki. Inna ta tsaya da ganye a hannu, ta juya fuska wajen bango.

"Je ki ɗauko ta," ta ce a hankali. "Ki kira ta yadda kika yi jiya. Ni ba a bar ni ba."