Ranar da Kaka Ta Shayar da Manzon Farisa

Ban cika shekara a unguwar Bronx ba malamar tarihi ta naɗa ni manzon sarkin Farisa. Ajinmu ne zai yi wasan kwaikwayo kan yaƙin Farisawa da Girkawa. Aka rarraba sarauta da masun yaƙi na kwali, ni kuwa da Turancina bai fi cikin cokali ba, aka ba ni jimla ɗaya tak. In shiga in ce sarkina yana neman ƙasa da ruwa, alamar Girkawa sun miƙa wuya, su kuma su ƙi, su jefa ni rijiya. Rijiyar kwalin firji ce da aka shafa wa baƙin fenti.

Jimlar nan ta hana ni sakat. A lokacin ni kaɗai nake cin abincin rana a ƙarshen tebur, don da na buɗe baki sai wani ya kwaikwayi harshena. Burina kawai in faɗi maganata in faɗa rijiya ba wanda ya yi dariya. Na yi ta bitarta a jirgin ƙasa na layin D, da kan matakalar benenmu a titin Grand Concourse, har da banɗaki.

Kakata ta zo mana daga Maraɗi a wannan shekarar, ita ce ta kama ni ina yi wa madubi tsawa.

"Maigida, da wa kake faɗa?" Haka take kirana.

Na ce mata ni manzon sarki ne, zan je neman ƙasa da ruwa.

"Ruwa dai? Ai kowa ya ba ka. Ƙasar ce ban san mi za ka yi da ita ba."

Ban gaya mata zancen rijiya ba, ina jin kunyar ta san ƙarshen sarautata ke nan.

Ran wasa mahaifiyata ta rufe shagonta na Fordham Road ta kawo ta. Kaka ta sha lafaya ta zauna a sahun gaba, jaka a cinya. Na fito da zanen gado a kafaɗa, gemun auduga yana min ƙaiƙayi. Sarkin Girkawa wani ƙaton yaro ne ɗan Dominika, shi ne ma shugaban masu kwaikwayona. Na tsaya gabansa, na saki jimlata, ta fita sumul. Wallahi ji na yi kamar in taka rawa.

Sai ya daka min tsawa, dakarunsa suka ɗauke ni caɗak suka nufi kwali.

"Kai! Ku aje shi!"

Muryar Kaka ce. Kafin mahaifiyata ta riƙo ta, har ta hau dandamali, takalmi ɗaya a ƙafa, gorar ruwan alwalarta a hannu. Dakarun Girka suka sake ni na faɗi tim. Ta nuna sarki da yatsa.

"Baƙo ya taso tun daga uwa duniya, ya roƙi ruwa, ku hana shi? Wane irin gida kuka fito? Kai, ɗan wane ne kai?"

Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya cire hular yaƙinsa ya riƙe a hannu. Ita kuwa ta buɗe gora ta kafa min a baki. Na ce, "Kaka, play ne, wasa ne!" Ta ce, "Sha tukuna." Wanda ya san kakata ya san ba a mayar mata da ruwa. Na ɗage gemu na sha.

Zauren ya tarwatse da dariya. Wani direban tasi ɗan Kumasi yana ihu daga baya, "Hajiya ta gama war ɗin, yaƙi ya ƙare!" Malama ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi, tana ƙunshe dariya. Da ƙyar aka lallaɓo Kaka, sannan na shiga rijiyar da ƙafata. A cikin kwalin na yi kuka, don abin da na fi tsoro shi ya same ni, kuma a gaban makaranta gaba ɗaya.

A hanyar gida na yi ta fushi da Kaka. Ita ko a jikinta. Ta ce da an ba mutumin nan ruwa tun farko, da ba a yi yaƙin ba.

Washegari na zauna a ƙarshen teburina, kai a sunkuye. Sai ga sarkin Girkawa da dakarunsa. Na ce shi ke nan, yau na kaɗe. Ya dire kwalbar ruwa a gabana, ya ce in sha kafin kakata ta ji labari. Suka fashe da dariya, ni ma ta ƙwace min. Sannan ya ja kujerar da ke kusa da ni ya zauna, ya tambaye ni me tsohuwar ta ce masa jiya.