Allurar Mitar Baba Silvanus

Baba Silvanus ma'aikacin reluwe ne a da, a sashen wutar sigina. Da jirage suka yi wa Kafanchan ƙaura, tasha ta koma ta ciyawa da awaki, sai ya koyi gyaran kwamfuta da furfurarsa, ya kama shago jikin nawa na ɗinki. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda ko ruwa ya ba ka sai ya koya maka yadda za ka sha.

Duk kwamfutar da aka kawo masa, kome ƙanƙantar ciwonta, sai ya fara ciro akwatin da ke raba wuta a cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa. Ya zare wayoyinta daga komai, ya jona mata ƙwan fitilar babur don ta ɗauki nauyi, sannan ya ɗora tsinkayen mitarsa ta auna wuta. Dole rawayar waya ta nuna sha biyu a mitar, ja ta nuna biyar. Mitar tsohuwa ce mai allura. Yakan zuba mata ido har akwatin ya yi ɗumi. In allura ta yi rawa ko kaɗan, wannan fawar ta tafi bola. Samarin da ke gyara a kasuwa suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Sai tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa. Tsinke ba ya zama kan waya, allura ta riƙa tsalle, ya yi ta yar da lafiyayyun fawa, samarin nan suna tsinta suna sakawa suna aiki. Magana ta zaga gari, har aka fara ce masa Baba Karkarwa. Na ce masa in yana so in riƙa riƙe masa tsinken, ya ce in tsaya kan zarena. Na tsaya ɗin, raina a ɓace.

Ana haka Mama Afiniki ta zo daga Madakiya a kan acaba, rungume da kwamfuta naɗe cikin zanen zumuntar matan coci. Ta marigayi mijinta ce, shugaban mawaƙan cocinsu. Shekaru ya yi yana rera tsofaffin waƙoƙin yarensu na Jju yana ɗauka da muryarsa, kuma babu su ko'ina sai a faifan ajiyar wannan kwamfuta, wadda yanzu take mutuwa da kanta.

"Baba, ni ban san komai a ciki ba," in ji ta. "Muryan shi kawai nake so in ji."

"Kar ki damu, Mama. Zai tashi."

Ta shiga kasuwa. Ina hangensa ta ƙofa, ya jona ƙwan, ya ɗora tsinke. Allura na karkarwa kan sha biyu, tana leƙa sama tana dawowa. Ya dubi allura, ya dubi hannunsa, ya daɗe a haka. Can ya yi tsaki ya ce, "Ni ne, ba fawar ba." Ya mayar da fawar, ya jona faifan, ya kunna. Nan take fawar ta ƙone faifan, ƙauri har shagona.

An kai faifan Jos daga baya, ba a ciro komai ba. Baba Silvanus bai ƙara buɗe shago ba. Yana gida yanzu, yana kiwon kaji, ba ya son a zo gaishe shi. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa.

Amma a wannan ranar, da Mama ta dawo da kayan miyarta, tsaye ya tare ta bai yi kwana-kwana ba.

"Mita ya gaya mani gaskiya, Mama. Ni ne ban yarda da shi ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan bencina, ta ajiye leda, ta fara rera ɗaya daga waƙoƙin a hankali. Ta gama baitin farko, ta shiga na biyu, sai ta tsaya. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta sake tsayawa a wurin.

"Daga nan ban iya ba," in ji ta. "Shi ne ya iya."